Rago Ko Tunkiya, Akuya Ko Bunsuru: Wanne Uwargida Za Ta Ɗaure?

 

Yau maganar kiwo za mu yi. A cikin saƙonnin da ke zo mana daga wajen Kankiya da Kusada da garuruwan da ke kewaye da su irin su Bauranya, akwai tambaya guda da ta yi ta maimaituwa. Mace ce ta ɗauki adashe, ko an raba gado an ba ta nata, ko kuwa ta tara ribar ƙuli-ƙulinta, tana so ta sa kuɗin a dabba tun kafin su narke a hannu. To, mace za ta saya ko namiji? Maƙwabciya ta ce rago, uwar miji ta ce akuya, shi kuma maigida ya ce duk wanda aka samu da araha. Ita mai kuɗin tana tsakiya.

Ba sabon abu ba ne mace ta mallaki dabba a ƙasar nan. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 tana nazarin yadda mutanen karkara ke neman abinci, ta kuma fitar da littafinta a 1972. Cikin abin da ta lura da shi har da cewa akasarin awaki da tumakin garin na mata ne, matan da ke cikin kulle. Wato kakanninmu sun daɗe da gane cewa turke shi ne bankin mace. Abin da ya rage shi ne a san irin ajiyar da za a yi a bankin.

Ni a ganina, kafin ki ce mace ko namiji, tambayi kanki abu ɗaya: yaushe nake bukatar kuɗin nan su dawo? Idan akwai ranar da kika sa wa ido, kamar bikin 'yarki bayan Babbar Sallah ko kuɗin makarantar yaro, namiji ne naki. Idan kuwa kuɗin ba na gaggawa ba ne, kina so ne su yi ta tofo a hankali shekara da shekaru, to mace za ki ɗaure. Duk sauran bayanin da zan yi, a kan wannan ya rataya.

Bari mu fara da rago, tun da shi ya fi ɗaukar ido.

Kiwon rago sana'a ce mai farko da ƙarshe. Ki saye shi da 'yar rama amma lafiyayye, ki turke shi wata uku zuwa huɗu, ki sayar. Kasuwarsa kuwa addini ne ya gina ta. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, ragon da ba a dandaƙe ba shi ne kan gaba wajen layya, sai dandaƙaƙƙe, sai tunkiya, sannan a gangaro kan awaki. Ga kuma ragon suna da ba ya yankewa duk shekara. Wannan ne ya sa rago mai ƙaho da cikar ƙira ke yin kuɗin da tunkiya mai nauyinsa ba za ta taɓa yi ba.

Amma fa rago ciki ne da shi, kuma ba ya ba ki komai sai ranar da ya bar gidan. Kullum sai harawa, sai dusa, sai kowar wake, in da hali a haɗa da anguriya. A nan ne lissafin mata da yawa ke karyewa, domin sukan tuna kuɗin da suka saye shi, su manta da mudun dusar da ake aiken yaro ya sayo kowace safiya. Ranar sayarwa a ga kuɗi dunƙule a yi ta murna, alhali in an zauna an ƙirga, uwar kuɗin ce kawai ta dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ki sami ɗan littafi, ko ki sa 'yarki 'yar makaranta ta riƙa rubuta duk abin da aka kashe masa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu lura da shi a 'yan shekarun nan. Kun san Sallah tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi Babbar Sallah a tsakiyar watan Yuni, a 2025 kuma a farkonsa. Ma'ana watannin da ake turka rago sun faɗo cikin bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ciyawa ta ƙare a daji, harawa ta yi tsadar da ba ta yi duk shekara. Saboda haka wadda ke da niyyar ragon Sallah, tun da kaka za ta fara shiri, lokacin da ake roron wake da cirar gyaɗa. A sayi harawa a ɗora a kan rufi ko a rataye inda rana da gara ba za su ci ta ba. Wadda ta jira sai ta ɗaure rago sannan ta fara neman harawa, mai harawa ta yi wa kiwo.

Wajen lokacin saye kuwa, ga lissafi mai sauƙi. Daga farkon azumi zuwa ranar layya kwana ɗari ne ba kaɗan. Daga Ƙaramar Sallah kuwa kwana saba'in ne kacal. In kin saya a Sha'aban ko farkon Ramadan, kin sami isasshen lokaci, kuma farashi bai fara hawa ba tukuna. Farashin ranar sayarwa dai ba a hannunki yake ba. Raguna da yawa da ake gani a kasuwannin Mai'aduwa da Jibiya da Charanci daga Nijar suke shigowa. A 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi ana gab da Sallah, abin ya taɓa kasuwannin wannan ɓangare. Wata shekarar kuma sai dabbobi su cika kasuwa, masu saye su yi ƙaranci, a dawo da rago gida washegarin Sallah yana ci gaba da cin dusa. Shawarata, in an taya ragonki da riba mai kyau mako biyu kafin Sallah, kada ki ce sai jajibiri.

Wane iri za a saya? Balami babba ne, fari, mai gantsararren hanci, shi ne na masu kuɗin birni, amma cinsa daidai girmansa. Uda mai dogon kunne, rabin jikinsa na gaba baƙi ko ja, na baya fari, dabbar makiyaya ce da ta saba da tafiya. Ɗan ƙasa kuwa, farin nan mai ɗigon baƙi a ido da baki, shi ya fi haƙuri da abincinmu da ƙuncin gidajenmu. Mai fara kiwo da ƙaramin jari, ɗan ƙasa ya fi mata kwanciyar hankali, kuma masu sayensa sun fi yawa a unguwa.

Yanzu ga wata cuta da ta fi kama namiji, ina so ku saurara da kyau, domin ta sha kashe rago ana saura kwanaki a sayar. Ita ce ɗaurewar fitsari. Hanyar fitsarin namiji doguwa ce kuma siririya, ta mace gajera ce mai faɗi. Idan aka cika wa rago dusa da hatsi, aka rage masa harawa, ruwa kuma bai wadace shi ba, sai 'yan tsakuwoyi su taru a mafitsara su toshe hanyar. Yawan kanwa ma yana ƙara abin. Za ki ga ya daina ci, yana yunƙuri yana miƙa, yana cizon haƙora, yana harbin cikinsa, fitsarin na ɗiga kaɗan-kaɗan ko ma babu. Wannan ba abin a ce bari mu gani zuwa gobe ba ne. Mafitsara na iya fashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. A kira malamin dabbobi nan take. Rigakafinsa kuwa ruwa ne mai tsabta a gabansa dare da rana, musamman a zafin bazara, da harawa isasshiya, da ɗan gishiri don ya riƙa jin ƙishirwa, kanwa kuma a taƙaita. Wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami ya fi shiga wannan haɗari.

Sai halinsa. Rago in ya ƙoshi, tunkuyi yake ji. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko tsohuwa mai sanda, a ɗaure shi da igiya mai ƙarfi nesa da hanyar wucewa, a kuma hana yara wasan tura masa goshi, don da haka yake koyon karo. Ƙosasshen rago kuma yana jan idon ɓarawo, balle a wannan zamani da satar dabbobi ta addabi yankinmu. Kada a turke shi a zaure ko jikin gajeriyar katanga.

To, mu koma kan mace.

Akuya da tunkiya cikin wata biyar suke yi. Jar akuyar nan tamu, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, ta yi suna wajen haihuwar tagwaye, fatarta kuma tun zamanin fatake ake ƙetara Sahara da ita har Turai. In tana samun abinci da kulawa, tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Haihuwar fari galibi ɗaya ce, daga baya tagwaye su fara zuwa. Ki ƙaddara cikin shekara biyun nan ta ba ki 'ya'ya huɗu ko biyar, Allah ya raya miki uku ko huɗu. Mazan ki sayar ki yi hidima, matan ki bari, kafin su cika shekara ɗaya da rabi su ma sun fara haihuwa. Uwar kuma tana nan. Wannan shi ne abin da rago ba zai taɓa yi miki ba. Tunkiya ba ta kai akuya yawan tagwaye ba, amma ɗanta namiji ragon Sallah ne da ba ki saya da kuɗinki ba.

Sai dai ribar mace ba ta zuwa da wuri. In kin sayi budurwar akuya yau, kafin a yi barbara, ta yi ciki, ta haihu, ɗan ya isa sayarwa, shekara ta zagayo. Wadda ta sa kuɗin kayan ɗakin 'yarta a akuya alhali biki saura wata biyar, za ta sayar da ita da ciki a farashin da ba ta so.

Kuma akwai wahalar da ba a cika faɗa ba. Akuya dabbar yawo ce. Da rani akan sake su su yi kiwo a gari, su haɗu da bunsurun maƙwabta, ciki ya samu ba tare da kin san ranar ba. Amma da damina dole a ɗaure saboda gonaki, kuma a lokacin sai an yanko mata ciyawa kullum. Ke kina cikin gida. Wa zai yanko? In kina da yaran da za su iya bayan an tashi makaranta, ko maigida na dawowa daga gona da dami, alhamdu lillahi. In babu, ki yi wannan tunani tun kafin a kawo ta. Yawon ranin ma yana da nasa: ledar da ta cika bola tana taruwa a tumbin akuya, ki ga tana ci amma tana ramewa, ciki ya yi tauri.

Idan a ɗaure take duk shekara, ke ce za ki lura da lokacin da take neman namiji. Za ta dame ki da kuka, tana kaɗa wutsiya, ta rage cin abinci. Kwana ɗaya ne zuwa biyu, in ya wuce sai bayan kamar mako uku ga akuya, tunkiya kuma kwana 17. Ranar da kika gani, ranar za a aro bunsuru. Kada kuma a bari a yi wa 'yar wata biyar ko shida barbara don kawai ta nuna alama, jikinta bai yi ƙwari ba, takan tsumbure ko ta sha wuyar haihuwa.

Makonni shida na ƙarshen ciki su ne masu haɗari, domin a nan 'ya'yan ke yin yawancin girmansu. Mai ɗauke da tagwaye in ba ta samun ƙarin dusa da harawa mai kyau, sai ki ga ta kwanta ta kasa tashi. Bayan haihuwa a tabbata ɗan ya sha dakashi a sa'o'in farko, shi ne rigakafinsa.

Ga gargaɗi na musamman gare mu mata. Idan akuya ko tunkiya ta yi ɓari, mace mai juna biyu kada ta taɓa ɗan, ko mabiyiya, ko shimfiɗar wurin. Wasu cututtukan da ke sa dabba ɓari, irin su bakkale, suna kama mutum, wasunsu kuma suna iya taɓa cikin da kike ɗauke da shi. A sa wani ya sa leda a hannu ya kwashe, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Ko lafiya lau ta haihu, mai ciki ta bar wa wata karɓar haihuwar. Nonon akuya kuma a tafasa shi kafin a ba yaro.

Bunsuru fa? Gaskiya ban cika ba mai akuya ɗaya ko biyu shawarar ajiye shi ba. Bunsuru guda yana isar awaki ashirin har fiye, ga wari, ga tsallake katanga, ga jawo faɗa da maƙwabta. Ko a rabon awakin da gwamnatin Jigawa ta yi wa mata zamanin Gwamna Badaru Abubakar, mata biyu ake haɗawa da namiji ɗaya, kin ga ko a nan matan ne jarin. In a gida aka haifa miki shi, a dandaƙe shi ya zama taure, ya yi ƙiba, warin ya tafi, mahauta da masu hidimar biki su saya. Wanda za a bari don barbara kuwa, kada ya daɗe har ya riƙa hawan uwarsa da 'yan'uwansa, domin iri yana lalacewa, 'ya'ya su riƙa zuwa ƙanana marasa ƙwari. A yi musaya da na wata unguwa.

Tun da ba ke za ki je kasuwa ba, saƙon da za ki ba mai sayowa shi ne rabin kiwon. Ko maigida ne, ko ƙaninki, ko ɗanki, kada ki ce masa kawai "a sayo mai kyau". Ce masa ya buɗe baki ya duba haƙora. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. In duk ƙanana ne farare, ba ta kai shekara ba, ko ta kai da kaɗan. In ta yi famfara manya biyu sun fito a tsakiya, tana tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi. Manya huɗu, wajen shekara biyu. In duk takwas sun zama manya, ta kai huɗu, in kuwa sun fara zubewa ko sun cinye, tsohuwa ce komai kyan gashinta. Ragon turke, mai manya biyu ya fi, don ya isa layya kuma yana da sauran girma. A duba ido da ƙafa da kunne da ƙaho, domin mai ido ɗaya, ko gurgu, ko mai yankakken kunne sosai, ko mai karyayyen ƙahon da ke jini, ba ya layya, kuma ranar sayarwa mai saye zai duba ko da ke ba ki duba ba.

Ita mace, hantsa za a shafa. Ta kasance da laushi, babu ƙulli, kan nono biyu duk lafiya. In da hali a sayi wadda ta taɓa haihuwa sau ɗaya, ko mai ɗa a gindinta, don an tabbata ba juya ba ce. Ki tuna ba kasafai mutum ke rabuwa da akuyar kirki haka kawai ba. Shi ya sa sayen mace a hannun maƙwabta ko dangi, inda aka san uwarta da yawan haihuwarta, ya fi na kasuwa, inda dillali la'adarsa yake nema. Araha ba ta ado.

Ko wanne aka kawo, kada a haɗa shi da na gida sai ya yi mako biyu zuwa uku a gefe. Akwai annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda ke iya share turke cikin kwanaki, kuma sau da yawa daga kasuwa ake kwaso ta. Tana da allurar rigakafi da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, allura ɗaya tana kare dabba shekara uku. Maigida ya tambaya a ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a haɗa da maganin tsutsar ciki.

Wadda jarinta bai kai ko ɗaya ba, kada ta ce ba ta da rabo. Al'adar ba da kiwo tana nan: 'yar'uwa ta ba ki akuya ki riƙe, ku raba 'ya'ya yadda kuka shirya. Fulani ma suna da irin tasu da suke kira habbanaye. Kin ga wannan da mace kaɗai ake yin sa. A dai faɗi sharaɗin a gaban shaidu tun ranar farko: haihuwa ta nawa ce taki, in ta mutu kuma yaya za a yi.

Saura magana ɗaya, ita kuma tsakaninki da maigida ce. Dabbar da kika saya da kuɗinki taki ce, shari'a ta ba ki. Amma harawar gonarsa take ci, shi ma takinta yake kwasa ya kai gona, don haka ku yi wannan magana a fili cikin mutunci. Inda aka fi samun saɓani shi ne ragon Sallah. Ana jajibiri maigida ya leƙa turke ya ce, "Ai ba sai na je kasuwa ba, ga na gida, na biya ki in an yi kaka." Ba laifi ba ne ki sayar masa, har ki yi masa ragi in kin ga dama, lada ne. Amma a kira wanda ya san kasuwa ya yi masa kuɗi, a sa ranar biya, wani babba a gidan ya ji, tun wuƙa ba ta hau wuya ba. In an riga an soya nama an ci, ciniki ya yi wuya.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake adana harawa da kowa daga kaka har bazara ba su lalace ba.